Zaman Manchesta: abin da nake rubutawa tun ranar da muka sauka

Talata 17 Satumba 2024

Yau kwananmu huɗu a Manchesta. Na ce bari in riƙa ajiye abin da ke faruwa tun kaina bai cika ba, don ƙanwata ma tana sa ran tahowa kuma kullum sai ta tambaye ni kaza nawa ne, kaza fa. Mu biyar ne, ni da Abban yara da ya zo digiri na uku, sai Yaya mai shekara 8, na tsakiya shekara 5, da auta da zai cika 3 a Disamba. Da digiri na biyu ne irin na zaman aji da sai dai ya taho shi kaɗai, tun Janairun bana suka hana waɗannan zuwa da iyali.

Akwati takwas muka taho da su ta Doha, uku duk kayan miya ne, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu. Kilishi da man shanun da Hajiya ta haɗa mana a Kano muka baro su, don nama da duk abin da aka yi da madara ba a shigowa da su. Har yanzu ba ta huce ba, wai wace irin ƙasa ce ake tsoron man shanu.

Muna wani ɗaki da falo na hayar kwana, fam 68 kullum. Tun jiya na daina juyawa zuwa naira, fam ɗaya ya haura dubu biyu, in ka ce lissafi za ka yi ko ruwa ba za ka sha ba. Abin da ke gabanmu: gida, makarantar yara, likita, banki.

Juma'a 27 Satumba

Ashe jerin banza na yi, duk abu ɗaya ne, adireshi. Makaranta sai da adireshi, banki yana son takarda mai adireshi, shi kuma ejan ɗin gida yana son ya ga shige da ficen asusunka na nan ƙasar da kuma wanda zai tsaya maka, mutum mai albashi mazaunin Birtaniya. Mu da ko maƙwabci ba mu yi ba tukuna ina muka ga mai tsaya mana.

Gida bakwai muka gani cikin kwana goma. Kana zuwa za ka tarar da wasu mutum biyar shida a bakin ƙofa su ma gidan suka zo gani, minti goma a zagaya da ku a ce ku tura saƙo. Biyu suna jin yara uku ne ba su ƙara amsa mana ba. Jiya dai Allah ya yanke mana wahala, mun samu a Longsight, irin gidajen jan bulo ɗin nan da ke manne da juna layi guda, ɗaki biyu a sama, falo biyu da kicin a ƙasa, da wani ɗan tsakar gida a baya da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Fam 1,100 a wata. Tunda ba mu da mai tsaya mana sai da muka biya wata shida a dunƙule, 6,600, ga kuɗin ajiya na sati biyar 1,269, doka ba ta yarda a karɓi fiye da haka ba. Jimla 7,869. Kusan duk kuɗin filin da Abban yara ya sayar ya tafi a danna waya sau ɗaya, na ga ya daɗe yana kallon wayar bai ce komai ba.

Ɗakin baya har ƙamshin sabon fenti yake. Na ce kai wannan mai gida akwai kirki.

Talata 1 Oktoba

Mun tare. Ba komai a gidan sai firij da kukar girki da injin wanki. Katifa uku sababbi fam 310, wannan kam ban yarda da ta hannu ba. Kujeru a shagon gwanjo na ƙungiyoyin agaji fam 90 har da kawowa, tebur kyauta a Facebook wata mata ta ce dai a zo a ɗauke mata. Bargo da rigunan sanyi a Primark fam 185.

Mun karɓo katunan zama a gidan waya, ina dubawa na ga duk an rubuta 31/12/2024, gabana ya faɗi na ce shekara huɗun bizar tamu fa? Ashe kowa haka nasa yake, katin ne za a daina amfani da shi a koma na intanet.

Litinin 7 Oktoba

An yi mana rajistar likitan unguwa, GP suke cewa. Wannan ne kaɗai abin da ba a nemi takardar komai ba. Nas ta duba katin rigakafin yara na gida ta ce akwai waɗanda za a cike wa auta, kuma kowa ya riƙa shan bitamin D har ƙarshen Maris, mu baƙar fata masu rufe jiki kuwa duk shekara.

Asabar 12 Oktoba

Yau na yi farin ciki wlh. Na shiga shagon wasu 'yan Pakistan a kan Stockport Road neman albasa, sai na ga wani gari an rubuta bajri, na shinshina, gero ne! Na kusa da shi juwar, dawa ce. Tsamiya imli suke ce mata, kuɓewa bhindi, ga attaruhu a kwali. Ni da na ɗauko garin kunu tun daga Kano ina tsoron ya ƙare. Nama ma halal ne duk layin, tunkiya ce dai ta fi yawa kuma kitse kamar me. Manja da doya da garin semo sai shagunan 'yan Afirka, an ce Moston Lane sun fi yawa, ban je ba tukuna. Madara, burodi, ƙwai da sabulu a Aldi. Cefanen sati ya tashi fam 96.

Da daddare na yi tuwon shinkafa miyar kuka. Ina soya albasa ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, auta na kuka, Abban yara ya hau kujera yana yi mata fifita da sallaya. Dole na buɗe ƙofar baya, ƙamshin daddawa ya tafi gaida maƙwabta.

Juma'a 18 Oktoba

Ba a kwashe mana shara ba. Durom huɗu ne a nan, toka na sharar gida, shuɗi na takarda da kwali, ruwan ƙasa na kwalba da gwangwani, kore na ragowar abinci. Ni kuma na zuba famfas ɗin auta a shuɗi don na toka ya cika. Suka manna mana takarda suka wuce. Wata tsohuwa 'yar Pakistan da ke jikin gidanmu ta fito ta nuna min da hannu ɗaya bayan ɗaya, Turancinta kaɗan ne. Anti nake ce mata. Na sa leda a hannu na tsince duka a cikin yayyafi.

Laraba 23 Oktoba

Maganar makaranta ta fito, kuma ba yadda muka so ba. A nan ba kai ne za ka je wajen hedimasta ka roƙa ba, fom ake cikewa na ƙaramar hukuma su duba inda akwai gurbi. Yaya ta samu aji huɗu a makarantar da ke bayan layinmu, tafiyar minti bakwai. Na tsakiya kuwa babu, wai doka ta hana ajin ƙananan yara ya wuce ɗalibi 30 ga malami ɗaya kuma nasu ya cika. Sai aka ba shi wata da sai an hau bas, an dai sa sunansa a jerin masu jira a ta Yaya, shi ne na huɗu.

Duka biyun kusan tara saura kwata ake shiga, uku da 'yan mintuna ake tashi, kuma ba a sakin ƙaramin yaro sai a hannun babban da suka sani. A gida wannan ai ba magana ba ce, mai adaidaita zai kwashe su, ko ƙanin Abbansu, ko 'yar maƙwabta ta riƙo hannunsu. Nan daga ni sai shi. Mun raba, safe shi zai kai na tsakiya ya wuce jami'a, ni in kai Yaya. Yamma ce matsalar, ranar da yake da aiki sai mun biya wa Yaya zaman jira na bayan tashi fam 7, ni in tura auta a kekensa in hau bas in ɗauko ɗaya in dawo in ɗauki ɗaya.

Yunifom na biyun fam 74. Abincin rana na na tsakiya kyauta ne, duk yaro har aji biyu haka ne, kuma akwai halal. Na Yaya ni zan riƙa zuba mata. Za su fara bayan hutun tsakiyar zango.

Lahadi 27 Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya cikin dare. Da lokacinmu ɗaya da Kano, yanzu sun riga mu da awa guda. Waya ta gyara kanta, agogon kukar girki bai gyara ba, na tashi mutane asuba tun da sauran dare.

Talata 5 Nuwamba

Ba wanda ya gaya mana. Magariba na yi muka fara jin ƙara tau tau ta ko'ina, na janye yara daga taga na ce kowa ya kwanta a ƙasa. Wasan wuta ne, wai duk shekara suke yi don tuna wani da ya so tarwatsa majalisarsu a 1605. Yaya ce ma ta ba mu labarin, a makaranta aka koya musu, kwana biyu da farawa har ta fara gyara min Turanci.

Wasiƙar harajin gida ta zo, Abban yara ya tura takardar shaidar ɗalibta an yafe, ni ma ba a lissafa ni ba tunda bizata ta hana ni taɓa tallafin gwamnati. Ta lasisin talabijin ma ta zo, fam 169.50 a shekara, mun cike cewa ba ma kallon tashoshi kai tsaye. Ƙasar nan komai wasiƙa ne, na sayi fayil.

Talata 19 Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta farko. Yara kamar su yi hauka don murna, ni minti biyar na yi na koma ciki. Mitar gas ɗinmu ta kati ce, fam 20 kwana uku take yi in hita na kunne. Mun koma kunnawa awa biyu da safe awa biyu da dare, sauran lokaci kowa da safa da rigar sanyi biyu.

Alhamis 28 Nuwamba

Wannan sai na rubuta da tsawo don ƙanwata ta karanta da kyau.

Na janye katifar yara zan share sai na ga bangon baya baƙi ƙirin daga ƙasa har kusan gwiwa, funfuna. Bayan katifar ma ta kama, akwatin atamfofina da na jingina a kusurwa duk ya yi fari fari yana wari, har da leshin da Umma ta ba ni. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Ashe fentin nan da na yaba rufe ɓarna aka yi da shi. Shi ya sa na tsakiya yake ta tarin dare sati biyu ina ta ba shi zuma da citta.

Na kira ejan, wata yarinya ta ce min wai yanayin zamanmu ne ya jawo. Na ji zafin maganar sosai, kamar ta ce mu ƙazamai ne. Abban yara ya ce kar in ƙara kira, komai a rubuce, muka ɗauki hoto muka tura imel da kwanan wata.

Amma gaskiya ɗaya ce, da na huce na bincika, akwai nawa laifin. Gidajen nan tsofaffi ne, sun haura shekara ɗari, bangon bulo ne zalla, yana yin sanyi duk tururin da ke cikin gida a kansa yake sauka ya zama ruwa. Ni kuma wanki a kan hita nake shanyawa, tukunyar tuwo da ta wake suna tafasa awa da awanni ƙofar kicin a buɗe, mutum biyar na wanka da alwala, tagogi a rufe gam har da tsumma na toshe ƙasan ƙofa, sannan ga rowar gas. Kullum da safe gilashin taga yana zubar da ruwa ina gogewa ban san gargaɗi ba ne. Mu da muka saba rana ta busar da komai kafin la'asar.

Abin da muka yi: maganin fesa funfuna fam 4, injin tsotse danshi na hannu fam 65, ranar farko kusan lita biyu ya tara daga iskar ɗaki ɗaya, na nuna wa Umma a bidiyo ta ce innalillahi wannan kuke shaƙa? Katifu sun bar jikin bango. Taga minti goma a buɗe kowace safiya ko ana mutuwar sanyi. Murfi a kan kowace tukunya. Hita a ƙasa ƙasa na tsawon lokaci maimakon a ƙure ta awa biyu. Atamfa shida sun wanku, leshin bai fita ba.

Litinin 9 Disamba

Iskar shekaranjiya ta nuna nasu laifin. Indararon bayan gida a fashe yake, ruwa na bin bangon ɗakin yaran daidai inda ya yi baƙi. Anti ce ta kira ni ta katanga ta nuna min. Bidiyo, imel na uku, muka ce in ba a zo ba za mu kai wa ƙaramar hukuma. Sai ga amsa cikin awa biyu.

Lahadi 15 Disamba

Auta ya kwana da zazzaɓi, 39 da ɗigo. A gida da tuni na aika kemis. Nan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a sayar maka sai da takardar likita. Na kira 111, layin neman shawarar lafiya, ƙarfe ɗayan dare, tambayoyi kamar ba za su ƙare ba, can likita ya kira ya ce farasitamol da ruwa, in numfashinsa ya canza ko ƙuraje suka fito mu tafi asibiti. Na ji kamar an raina min hankali, amma yau da yamma yana ta gudu a falo.

Abin da ya fi damuna a daren ba zazzaɓin ba ne. Ina ta tunanin in ta kama mu tafi asibiti wa zan bar wa sauran biyun. Na duba wayata kaf babu lambar mutum ɗaya a garin nan da zan iya tasa ƙarfe ɗaya. Wata uku. Magariba yanzu kafin ƙarfe huɗu ake yi, azahar da la'asar da magariba duk a tsakanin kai yara da ɗauko su, sai in wuni ban yi magana da babban mutum ba in ba Abban yara ba, shi ma ya dawo a gajiye. A gidanmu na Kano ƙofa ba ta rufuwa, har ƙorafi nake baƙi sun hana ni barcin rana.

Asabar 28 Disamba

An gyara indararo ranar 20. Ranar Kirsimeti gari tsit, ba bas, sai shagunan unguwarmu ne a buɗe.

Ranar Juma'a a masallaci ina yi wa auta faɗa da Hausa sai na ji an ce daga bayana "a yi masa haƙuri mana Hajiya". Na juya kamar an kira sunana. 'Yar Zariya ce, shekararta tara a nan, nas ce. Ta sa ni a guruf ɗin matan Arewa na WhatsApp, yau har mun je sunan wata a Cheetham Hill, masa da miyar taushe, zoɓo, kowa na magana lokaci ɗaya. Na dawo da lamba goma sha ɗaya da robar daddawa.

Lahadi 5 Janairu 2025

Ranar sabuwar shekara ruwa ya yi ɓarna, an kwashe mutane daga gidajensu a Didsbury da Stockport, mu Alhamdulillah bai zo mana ba kuma bangon bai jiƙe ba. Yau ƙanƙara har filin jirgi ya dakata da safe. Daga yau basocin ɓangarenmu ma sun koma na hukuma masu ruwan ɗorawa, fam 2 kuma in ka canza wata cikin awa ɗaya ba ƙari. Gas da wuta na Disamba: fam 238.

Litinin 13 Janairu

Auta ya fara nazare, awa 15 a sati kyauta tunda ya cika uku. Ya yi kuka, ni ma na yi a bakin get. Na dawo gida shiru har na rasa abin yi, na cike neman lambar inshora ta aiki.

Alhamis 6 Fabrairu

Na makara ɗauko Yaya da minti 25, bas ta tsaya a cunkoso ga waya ta mutu. Na tarar da ita a ofis, malamar ba ta yi faɗa ba amma ta rubuta. Yanzu na sa sunan Anti da na 'yar Zariya a fom ɗin waɗanda za su iya ɗaukarta. Anti da na tambaye ta dafa ƙirji ta yi ta ce jikarta ce. Na kai mata ƙosai, ta aiko da biryani a kwanon, na mayar da kwanon da dambu, yanzu ban san kwanon na waye ba.

Litinin 24 Fabrairu

Na tsakiya ya samu gurbi a makarantar Yaya! Wasu sun tashi daga unguwar. Yau na kai su tare a ƙafa, minti bakwai. Sabuwar rigar sanyi mai tambari fam 12, tsohuwar na tura guruf wata ta karɓa.

Asabar 1 Maris

Mun tashi da azumi, wasu masallatan sai gobe, mu mun bi na unguwarmu. Kusan awa 13 ne, kamar na gida. Kunun tsamiya da garin bajri ya yi, ƙosai sai da na cire batirin ƙararrawa na mayar bayan na gama, Abban yara ya ce in ya ƙara gani zai kai ƙarata wajen Hajiya.

Wata shidan da muka biya zai ƙare ƙarshen watan nan, ejan ya yarda mu koma biyan wata wata tunda yanzu akwai tarihin banki. Saura: lasisin tuƙi, na Najeriya wata 12 kawai yake aiki daga ranar shigowa, na koyo fam 34, jarabawar ƙa'idoji fam 23, Abban yara zai fara. Ni ina da ganawar neman aikin kicin a wata makaranta ranar Laraba, awannin sun dace da na auta. Ɗinkin sallar yara za a bayar a taho da shi ta hannun mijin wata a guruf, sai na tura awo gobe, Yaya ta ƙara tsawo duk zannuwanta sun ɗage. Kuma in sayi fenti mai hana funfuna kafin sanyin baɗi.